Gwangwani Ukun da Na Ɓoye wa Baba Isuhu

Baba Isuhu ya rasu. Baba mai fenti, namu na nan Greensboro, a Amurka.

Da safen nan ina tsaye a kicin, na ɗora ruwan shayi, matarsa Mama Hadiza ta kira ni. Ko sallama ba ta iya yi ba. Cewa kawai ta yi, "Maman Hanan, Babanku ya tafi." Zuciya ce, in ji likitoci. Bayan asuba, a asibiti.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Zan faɗi alherinsa, amma ku sani tun yanzu ba yabo kaɗai ya kawo ni ba. Asabar ɗin nan da ta wuce na dubi bawan Allahn nan na shara masa ƙarya, kuma ya tafi ban gyara ba. Abin da ke cina ke nan.

Ga waɗanda ba su san shi ba, mutumin Tasawa ne, ta Nijar. Dattijo dogo, siriri, kullum da baƙin gilashi ko da hadari ya rufe gari. Sabon zuwa sai ya ɗauka gayu ne.

Ba gayu ba ne. Farkon zuwansa ƙasar nan kwasar shara ya yi a wani kamfani, yana cikin masu tsayawa a bayan mota. Wata rana wani ya cusa fentin mai da tina, ruwan nan mai yaji da ake tsinka fenti da shi, a cikin baƙar leda ya ɗaure. Injin motar ya matse ledar, abin ya fashe wa Baba a fuska. Daga ranar idonsa na hagu bai ƙara gani ba.

Na taɓa tambayarsa ko ya yafe wa mai ledar. Ya ce, "To mi zan riƙe, ɗiyata? Ba mugu ba ne. Gajiya ya yi, ya ce gwangwani guda mi zai yi."

Bayan ya warke ya koma sana'ar fenti, yana yi wa masu manyan gidajen nan na Irving Park aiki. Mu kuwa sai ya ɗora wa kansa wani aikin da babu wanda ya sa shi. Duk Asabar zai tada tsohuwar akori-kurarsa, daga unguwar Glenwood har Sedgefield, gida gida, yana tambaya ko akwai ragowar fenti. Ya kwasa ya kai wurin da hukumar gari ta ware don irin waɗannan kaya masu haɗari. Kyauta ake karɓa, amma mu nan kowa aiki ya sha masa kai, wa ke da lokaci?

Dokar har na haddace ta don yawan maimaici. Fentin ruwa in ɗan kaɗan ne, buɗe murfin, zuba yashin nan da ake saya wa kyanwa, bar shi ya bushe ƙamas, sannan ya shiga shara. Fentin mai da tina kuwa ba shara, ba kwata, ba bayan gida, sai can wurin.

Mutum ba shi da kyanwa amma motarsa cike da buhunan yashin kyanwa. Muka dinga tsokanarsa, "Baba, yaushe za a yi sunan magen?" Sai ya yi dariya ya ce da Hausarsu ta Nijar, "Bon, ku dai ku kawo hwanti."

Ni da faɗa muka fara. Sabuwar zuwa ce ni daga Zariya, na tsuguna ina juye ragowar fenti a ramin ruwan bakin titi, kamar yadda muke yi da kwata a gida. Ya taka burki ya fito. Ya ce ruwan ramin nan kai tsaye rafi yake tafiya, kuma in maƙwabta suka kira hukuma zan gane kurena. Na cika na batse, na ce wannan tsoho da shisshigi yake. Bai kula ni ba, ya naɗe hannun riga ya kwashe abin da ya kwasu da tsumma.

Shi ne kuma ya fente ɗakin Hanan lokacin ina da cikinta, ya kore ni daga gidan kwana biyu don kada in shaƙi warin.

Shi ne ya zo cikin sanyin nan mai shiga ƙashi ya tada min mota, lokacin maigidana yana kan hanya da tirela.

In ya dawo daga Nijar, cukuna daban yake, a naɗe a takarda da sunana a jiki.

To ga abin da na yi.

Akwai gwangwani uku a ɗan ɗakin ajiyarmu na baya, biyu fentin mai, ɗaya tina. Mai gidan da muke haya ya ce zai zo duba gida ran Juma'a, kuma ba ya son ganin irinsu. Na kira Baba ran Laraba, bai ɗauka ba. Na kira ran Alhamis, shiru. Raina ya ɓaci. Na ce yau da nake nemansa ne zai ɓace? Na dawo daga aiki a gajiye liƙis, na samu baƙar leda na zuba su na ɗaure, na jefa can ƙasan kwandon shara, na bi da sharar kicin a kai.

Ina sane. Ba zan ce ban sani ba.

Ran Asabar da hantsi sai ga akori-kura a ƙofar gida. Ya fito a hankali yana dafa mota. A bayan hannunsa akwai filasta, irin ta wurin ƙarin ruwa. Ashe kwana biyun nan da nake ta masifa a raina yana kwance a asibiti.

Ya ce, "Ɗiyata, ki gahwarce ni, na ga kiranki. Ina gwangwanayen?"

Kwandon yana nan gefenmu, ko taku biyar babu. Kunya ta rufe ni ruf. Bakina ya riga ni, na ce, "Ai Baba, Baban Hanan ya kai su can jiya."

Ya washe baki. Ya ce, "Madalla! Kin gani? Ke kam ba ni da haufi a kanki. Allah shi yi miki albarka." Na kawo masa ruwa ya sha rabi, ya ce akwai gida biyu da ke jiransa, ya ja mota.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Na ce yana tafiya zan tono su. Na ɗaga murfin, warin kan kifi da ruɓaɓɓen tumatir ya buge ni, na ce sai gobe. Gobe aiki. Jibi aiki. Na ce in na kai su da kaina sai in kira shi in faɗa masa gaskiya, mu yi dariya, ya ce min ja'ira.

Yau Alhamis ta zagayo, ranar kwasar shararmu. Jiya da yamma maigidana ya gangara da kwandon bakin titi, shi bai san komai ba.

Ina ajiye wayar Mama Hadiza abin ya faɗo min. Na fita da gudu, ba takalmi, ba mayafi. Na ɗaga murfin.

Wayam. Mota ta riga ta wuce.

Na kira layin masu shara ina kuka ina kame-kame da Turanci. Matar ta saurare ni, ta rubuta sunan titinmu, ta ce za ta sanar. Ban san inda ledar take yanzu ba, ban san hannun wa za ta bi ba.

An ce jana'iza bayan la'asar. Zan je gidan in zauna kusa da Mama Hadiza, kuma sai na faɗa mata da bakina kafin wani ya karanta mata wannan.

Don Allah, duk mai ragowar fenti a gareji ko ƙarƙashin bene, ya ɗauka ya kai da kansa. Ba mai zuwa ran Asabar kuma.

Ya Allah Ka jiƙan Baba Isuhu. Ka yafe masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka ba Mama Hadiza da 'ya'yansa haƙurin rashi. Ya Allah Ka tsare duk ma'aikacin da sharata za ta bi ta hannunsa yau, Ka mayar da shi gida lafiya.

Wanda ya karanta, don girman Allah ya tsaya ya yi wa Baba Ƙulhuwallahu ƙafa uku. In da saura, ku saka ni ciki. Dattijon nan ya shi min albarka a kan abin da ban yi ba, kuma babu sauran inda zan same shi in ce ya yafe min.