Baƙin da Ke Ƙarƙashin Kwanon Enoch

Katangar da ta raba gidan Hajjo da na Enoch ba ta iya riƙe sirri, don haka ko tsintar kalwarta Hajjo ba ta bari ba, amma ta ji komai. Naomi, matar Enoch, ce ke magana, tari yana yanka mata zance. Cewa take malamin asibiti na Birnin Gwari ya faɗa da bakinsa, ƙurar kashin jemagen da ke zubowa daga silin ce ke cin ƙirjinta, kuma muddin tana shaƙarta, maganin da ya ba ta aikin banza ne.

"Malamin nan ya taɓa shiga ɗakina?" in ji Enoch.

"Bai shiga ba, Baban Alice. Ni ce mai shara a ciki."

"Jemagun ɗorawa ne. Su zan yi wa magani."

Hajjo ta girgiza kai. Tun Enoch yana rarrafe ta san shi, domin da uwarsa suke zuwa itace bakin dajin Kamuku, ita ta yi sallarta a gindin bishiya, uwar tasa ta zauna ta jira ta. Shekarar da aka sami 'yancin kai ya hau babbar mota zuwa Kaduna, yana rantsuwa shi da fartanya har abada. Ya sami aiki a masaƙa. A can inji ya cinye masa yatsu biyu na hannun dama, bayan yaƙin basasa kuma aka sallame shi. Ya dawo garinsu Kazage da mata, da 'yarsa Alice, da bandir ɗin kwano a bayan mota. Shi ne na farko da ya yi rufin kwano a unguwar, har da farin silin na kwali irin wanda ya gani a ofishin manaja. Fartanyar da ya rantse a kanta ya koma ya ɗauka da sauran yatsunsa, bai kuma taɓa yin zancen Kaduna da kowa ba. In baƙo ya tambaye shi me ya samo a birni, sai ya ɗaga haɓa ya nuna sama.

Abin da bai sani ba, ya gina wa wasu gida. Ɗakin jinka hayaƙin murhu ke ratsa shi, jemage ba ya jure wa zama. Amma tsakanin kwano da silin akwai duhu, akwai ɗumi, ba hayaƙi ba mage. Ƙananan jemagu, waɗanda ba su wuce babban yatsa ba, masu cin sauro da ƙwarin fitila, suka shiga ta ƙasan kwanon suka haihu suka hayayyafa. Kashinsu baƙi ƙanana kamar na ɓera, in ka murza sai ya zama gari. Farin silin ya yi taswirar fitsari, ɗakin ya ɗauki zarni, kuɗin cizo suka sauko bango. Kowace safiya Naomi ta share a bushe, ƙura ta tashi.

Na ɗorawa kuwa daban suke. Manya ne, masu fuska kamar ta ɗan kwikwiyo, daga daji suke zuwa da magariba in ɗorawa ta saki jajayen furanninta, su lashi zaƙin su wuce. Ba su taɓa kwana a ɗakin kowa ba. Kakar Hajjo ma takan ce shekarar da suka yi wa ɗorawa dandazo, shekarar ce kalwa ke cika kwando. Enoch ya san wannan, ɗan gari ne. Shi ya sa da Hajjo ta gan shi da yamma ya aro bindigar toka ya nufi gindin ɗorawar, ta fahimci ba jahilci ke damunsa ba. Mutum ne da ya gwammace ya yi faɗa da daji gaba ɗaya da ya yarda abin da ya biya da yatsunsa shi ke kashe masa mata.

Ya harbo da dama. Yara suka rugo za su ɗauka, Hajjo ta kore su da sanda, don ta ji an ce jemagen da ya faɗo yana da rai yakan yi cizo, cizonsa kuma kan zo da irin haukan kare. Tarin Naomi bai ragu ba. Ta rame, zani ya fara zagaye ta sau biyu.

Hajjo ba ta yi masa wa'azi ba, ta san wa'azi ƙara masa taurin kai zai yi. Sai ta same shi a ƙofar gida ta kama ƙugu ta ce ciwon baya ya sa ta gaba, ga daddawa a wuta, ko zai ara mata Naomi ta riƙa kwana wurinta har ta ji sauƙi.

"Iya, ke da kike ɗaukar tulu kamar budurwa?"

"Tsufa ba ya sallama, ɗan nan. Ko rowar matar za ka yi mini?"

Ya yi dariya ya yarda. Ita ma ta san ya gane, shi ma ya san ta sani.

Naomi ta koma ɗakin jinka, ta ci gaba da shan maganinta. Sannu a hankali tarin ya fara ja da baya. Hajjo kuwa da gangan take shimfiɗa musu tabarmar hira a jikin katangar nan, don katanga in tana kai magana gabas, tana kai ta yamma. Da can tari take kai wa Hajjo. Yanzu dariyar Naomi take kai wa Enoch, dariya mai tsawo wadda ba abin da ke katse ta, shi kuwa yana zaune shi kaɗai, tsuwar baƙinsa na sauko masa daga silin.

Wata magariba Hajjo ta leƙa ta saman katanga ta hango shi tsaye a tsakar gida, bindiga jingine da rumbu. Ya juya wa ɗorawa baya. Ɗakinsa yake kallo, ƙananan jemagu na kwararowa daga ƙasan kwanon kamar hayaƙi, ba su da niyyar ƙarewa. Ya daɗe a haka yana murza dungulmin yatsunsa. Ta sauka ta koma ɗaki.

Washegari da la'asar ya yi sallama a ƙofarta, da tsumma rataye a wuya wanda zai ɗaure hanci da shi. Bai shigo ba. Ya tambayi bayan nata, ta ce da sauƙi. Ya ce yana son aron tsani, da tulunan ruwa don ya jiƙa kashin kafin ya kwashe, kuma sai jemagun sun fita kiwo zai hau. Naomi tana bayan ƙyaure, ta tsayar da daka tana ji.

Ya saɓa tsanin a kafaɗa, har ya juya, sai ya tsaya.

"Silin ɗin kawai zan cire, Iya. Ki gaya mata ta dawo jibi. Amma kwanon yana nan."