Akwatin da Sodangi Ya Yashe

Sodangi maƙerin fari ne a Isa, mai zobba da awarwaro, kafin ya yi 'yan shekaru da ma'aikatan reluwe a Ƙauran Namoda ya dawo da sanin cikin rediyo. A ƙarshen zamanin Turawa, daga Tozai har Gangara, duk akwatin da ya yi shiru wajensa ake kawo shi a kan jaki. Ba shi da na'urar awo. Batir da harshe yake ɗanɗana shi. Rile, ɗan ƙarfen da ke buɗe wuta ya rufe, kunne yake kara masa ya ji ko yana ƙas-ƙas. Kwandansa kuwa, 'yar abar da ke tara wuta a cikin akwatin, in ta kumbura tana zubar da kaki, ya san ta mutu.

Abin haushi da mutumin nan, bai iya cewa babu ba. Kayan gyara sai an yi tafiya, don haka duk wanda ya marairaice masa, sai ya buɗe nasa rediyon ya ciro ya sa masa. Matarsa Tasalla ta yi mita har ta gaji.

Da damina Tasalla ta kwanta ciwo. Ana haka wani falke ya kawo saƙon ɗansu na fari, Attahiru, wanda ya shiga soja ya daɗe bai leƙo gida ba. Ranar Juma'a za a karanta gaisuwarsa a rediyon Kaduna.

"Malam," in ji ta, "ina son in ji saƙon yaron ga. Akwatinmu na magana?"

"Za ni gyara shi, in Allah ya so."

Ya buɗe, ya tarar da gurbi fayau inda kwandansa take. Da ya je aro gidan alƙali, da magana ta ƙare. Amma a ce mai gyaran rediyo yana aron rediyo? Kunya ta kora shi har Sabon Birni, wajen Gwadabe mai fataucin Maraɗi, wanda ke da wani mataccen akwatin Faransa. A hanyar dawowa gulbi ya kawo, ya tsare shi a gaɓa.

Ranar Alhamis ya iso da kwandansar a aljihu, ya hango maza zaune kan tabarmi a ƙofar gidansa. An riga an kai Tasalla makwancinta.

Ranar Juma'a, ana tsakar karɓar gaisuwa, ya narka dalma ya liƙa kwandansar a gurbinta, ya kara kunne, rile ya amsa.

"Sodangi, rediyo bisa makoki?" in ji wansa Bawa.

Sodangi ya rungumi akwatin ya shiga ɗakinta, ya ajiye shi a kan gado. Can mai karatu ya ce Attahiru Sodangi yana gaida mahaifiyarsa a Isa, ta ƙara haƙuri, yana nan tafe da kaka. Nan Sodangi ya yi kukan da bai samu yi a kan gawarta ba.

Ya ci gaba da gyara har kunnensa ya yi nauyi. Amma duk wanda ya dubi akwatin nan ya roƙi ko da guntuwar waya, Sodangi yakan ce, "Babu. Na Tasalla ne."