Ranar da Na Goge Layi na Goma Sha Bakwai

Ina saurayi na sami aikin akawu a wani kamfanin sayen gyaɗa a Bompai, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. Daga Dorayi nake tako keke, da ɗan littafin soyayya na kasuwa a aljihuna, irin wanda saurayi ke faɗawa kogi don ya ceto budurwa. A lokacin na ɗauka ranar da za a gwada zuciyata za ta zo da kogi, ko wuta, ko 'yan fashi.

Ɗakinmu kaɗai ke da sanyi a kamfanin, saboda na'urar da aka kawo daga Ikko. Tsawonta ya kai gado biyu. Katunan da aka huda take ci. Kowane kati yana wakiltar tarin buhuna ɗaya a sito, na'urar ta karanta hudojin, ta buga takardar lodi mai gaya wa leburori wane tari zai hau wace mota. A gefenta akwai allo cike da wayoyi, kuma yadda aka soke wayoyin shi ne umarnin da take bi. Mutum ɗaya ne ya iya su, shugaban ɗakinmu, wanda kowa ke kira Malam. Ɗan gidan malamai ne, mai magana a hankali, kuma shi ne kawun yarinyar da nake rubuta wa wasiƙa duk Juma'a.

Gyaɗa iri biyu ce a sitonmu. Akwai wadda ake kai wa injin matsar mai a can ƙarshen Bompai. Akwai kuma irin shuka, wanda aka cakuɗa da garin maganin ƙwari, ana kai wa manoman ƙauyukan Challawa. Gwangwanin maganin yana da hoton ƙoƙon kan mutum. Abin da ya bambanta buhunan ɗan jan zare ne a bakin ɗinki, kuma ba mai duba zare idan takarda ta yi magana.

Malam yana da ƙa'ida. Duk ranar da aka taɓa waya ko da guda ce, ba a zuba katunan gaske sai an yi gwaji. Katunan gwaji talatin ne, suna cikin wani akwatin katako, kuma an riga an san amsarsu. Malam ya rubuta amsar da fensir, ya manna a bango. Aikina in zuba su, in ɗauki abin da na'ura ta buga, in bi shi layi layi da rula ina kwatantawa.

Wata Talata da safe manaja ya ce a ƙara wani gurbi a takardar lodi. Malam ya durƙusa gaban allon ya sauya wayoyi, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya ce, "Akawu, yi gwajinka."

Layi goma sha shida suka yi daidai. A na goma sha bakwai rula ta tsaya. Takardar bango ta ce wannan tarin irin shuka ne, motar manoma. Na'ura ta ce motar injin mai.

Na sake dubawa sau uku. A gidan da na tashi, ƙarami ba ya kallon babba ya ce masa kun yi kuskure. Kuma a wannan watan ne iyayena suke shirin zuwa gaishe da Malam a kan maganar yarinyar. Sai na fara yi wa kaina wa'azi. Na'urar Turai ba ta kuskure. Malam ba ya kuskure. To, ashe takardar bango ce ta tsufa. Malam ya juya baya yana magana da masinja, na ciro fensir daga bayan kunnena, na goge layin, na rubuta abin da na'ura ta faɗa.

"Ta ci gwaji?"

"Ta ci, Malam."

Aka zuba katunan gaske. Na'ura ta yi ta ƙwanƙwasa, takardar lodi ta fito, masinja ya kai sito. Na zauna ina huda kati. Wajen sha ɗaya na hango motar injin mai ta fita ƙofa, buhuna har sama.

Da azahar na fita alwala. Wani lebura a kusa da ni ya zura hannu a aljihu, ya watsa gyaɗa a baki, yana taunawa yana jiran buta. Haka suke yi duka. A injin mai ma, buhun farko da aka farke, kowa sai ya dumbuzi rabonsa. Butar ta kuɓuce daga hannuna.

Na tarar da Malam yana shimfiɗa buzu.

"Malam, ba ta ci ba."

"Wa?"

"Na'urar. Layi na goma sha bakwai. Ni na goge amsarku."

Ya dube ni, ya dubi bango. Ya je ya shafa wurin da ɗan yatsa, inda takardar ta yi gashi. Ya ɗaga tarho ya murza lambar injin mai, ya sake murzawa, ba wanda ya ɗauka, duk sun tafi salla. Motar manaja ba ta nan.

"Ina kekenka?"

Malam, da babbar rigarsa, ya hau bayan kekena kamar buhun dawa. Na taka tsakanin manyan motoci, direbobi na yi mana ihu. Wani ya leƙo ya ce, "Kai, a hankali da tsohon nan, ba naka ba ne kai kaɗai!" Malam yana riƙe da ƙuguna yana maimaita innalillahi, ni kuwa ina ganin kwalaben mai a kowane kanti na Kano, da mata suna zubawa a tukunya.

Da muka isa, an riga an sauke buhunan. Suna jere a bakin ramin da ake juye gyaɗa, injin a kashe saboda salla. Malam ya diro tun keken bai tsaya ba, ya kama bakin wani buhu, ya ɗaga jan zaren sama, ya yi ihun da ban taɓa jin irinsa daga bakinsa ba.

"Kada wanda ya taɓa! Wa ya ci?"

Leburori suka yi cirko-cirko. Buhu ɗaya a farke yake. Wani ya ce shi ya ji wari ya tofar. Wani ya nuna inuwar bango. "Baba dai ya ci. Shi ba ya jin wari, ko mushe ne."

Baba tsohon lebura ne, siriri, yana zaune ya dafe ciki, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ya ce, "Dumbuza biyu ce kawai, 'ya'yan nan sun cika surutu." Kafin ya rufe baki amai ya zo, hannuwansa suka kama rawa.

A bayan motar da ta kawo buhunan muka kai shi asibiti, kansa a cinyata. Na yi ta kiransa Baba, Baba, don kada ya rufe ido. Aka shige da shi, aka bar ni da Malam a benci. Can Malam ya ce, yana kallon ƙasa, "Wayar ni na soke ta ba daidai ba. Don irin wannan ranar na ajiye ka da rula. In ba za ka iya kunyata ni ba, me ka zo yi ɗakin?"

Duk lokacin da ƙofa ta motsa sai in miƙe tsaye.

Bayan la'asar ma'aikaciyar jinya ta ce mu shiga. Baba yana kwance, idonsa a buɗe. Na durƙusa a gefen gadon na gaya masa komai, da gwajin, da fensirin. Ban san ko ya gane rabin maganar ba.

"Kai ne na takarda?" ya ce.

"Ni ne, Baba."

"To, ka riƙa dubawa da kyau, ɗana. Mu ba mu iya karatu ba. Abin da kuka rubuta shi muke ɗauka."

Ya rayu. Amma rawar ba ta bar hannunsa na dama ba, bai ƙara ɗaga buhu ba. Aka ba shi tsintsiya yana share bakin sitonmu, kuma shekara shida na yi ina wucewa ta gabansa ina gaishe shi, yana amsawa.