Bankwanan da Yaya Sani ya ƙara wa Bafaranshe

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sani, mai shagon turare da huluna a 125th Street, cikin Harlem. Tare muka baro Maraɗi. Shi ya yi lakwal, wato boko, ni ban yi ba, don haka Faransanci nasa ne, ni sai kallon baki.

Ran Lahadi bayan la'asar yakan sa mana fim a bayan shago, yana fassarawa da Hausa kai tsaye. Ba ruwansa da 'yan wasa. Sunan wanda ya rubuta labarin yake dubawa, kuma akwai wani Bafaranshe da ya ɗauka tamkar ɗan unguwarmu. "Wannan mutumin," in ji Yaya, "zai sa ka dariya, kafin ka rufe baki ya sa ka hawaye." Gaskiyarsa. Har gobe ina tuna surukai biyu da suka yi ta jayayya kan kujera ranar biki har abinci ya huce. Sai dai Faransawan Yaya sun fi kowa iya gaisuwa. Mutum ya shigo ɗaki ya faɗi kalma ɗaya, Yaya ya ba shi ina kwana, ina gajiya, ya iyali.

Akwai fim ɗaya na Bafaranshen nan da na guje wa tun rasuwar Yaya. Wani ɗa ne zai rabu da tsohonsa marar lafiya a tashar jirgin ƙasa, bayan shekaru suna gaba. A bakin Yaya, ɗan ya ce, "Baba, ka yafe mini." Ni kuwa mun yi saɓani da Yaya kan zancen komawa gida, kwana uku ba ma magana, ran na huɗu ya faɗi a shago. Ban nemi gafararsa ba. Abin nan ya daɗe yana cin raina.

Yanzu waya ma tana fassara. Da yana nan, na san zai ce ba ta da ladabi. A watan jiya na daure na kalli fim ɗin da rubutun Turanci a ƙasa, tunda shi kam zaman Harlem ya koya mini. Na jira maganar, ba ta zo ba. Ɗan bai ce uffan ba. Wuyan rigar tsohon kawai ya gyara masa, tsohon ya bar shi ya gyara, jirgi ya tashi.

A nan na ƙara ganin girman marubucin: ya san akwai mutanen da bakinsu ke nauyi, bai kuma wulaƙanta su ba. Yaya ma ya sani, tun da shi yake jin asalin maganar. Zuciyarsa ce ba ta iya barin mutum ya tafi haka nan, kuma wannan halin ne ya bar mini.

Ranar da ya faɗi, da safe na ajiye masa shayi a kan kanta, ban ce komai ba. Ya ɗauka ya shanye. Allah ya haskaka kabarinka, Yaya.