Kamu Ɗaya Duk Damina

Kithome ɗan Ngumbau magini ne, amma in ka zaga ƙauyen Kaluku kana neman gidan da ya gina don ka yaba, za ka sha yawo. Ɗakinsa ma ya karkace kamar mai sauraron gulmar maƙwabta. Abin da ya iya, wanda aka san shi da shi a ƙasar Kitui, shi ne katangar rafi. A tare busasshen rafi da dutse da siminti, damina ta zo ta cika bayan katangar da yashi, yashin ya ɓoye ruwa a cikinsa har tsakiyar rani. Rana ba ta shanye shi, sauro ba ya samun wurin haihuwa. A tona kawai a ɗiba.

Ya yi wa garuruwa da dama, nasa ne bai samu ba, don siminti ba ya tsirowa a gona. Matarsa Kasiva tun tana amarya take cin rabin wuni a hanyar babban kogi, jarka a baya, igiya a goshi, har igiyar ta yi mata kwari a ka. In ya dawo daga aiki sai ta dube shi ta ce, "Sannu da zuwa, mai shayar da duniya. Yau ma labarin ruwan ka kawo mana? Zauna in dafa maka shi."

Dokar aikin ɗaya ce, kuma Kithome ya fi riƙe ta da addu'ar cin abinci. Ba a tayar da katanga a tashi ɗaya. Kamu ɗaya ake ɗorawa, a jira damina. Ruwa ya taho da ƙarfi, yashi mai nauyi ya kwanta, laka ta tsallake ta wuce. In ya cika, a ƙara kamu. Wanda ya yi ta da tsawo tun farko, ruwa zai tsaya cik, laka ta zauna, a tashi da filin taɓon da ko tsuntsu ba zai sha ba.

Sai da furfura ta gama da shi sannan coci ta samo wa Kaluku siminti. Aka yi gayya, mata na ɗauko dutse suna waƙa, aka ɗora kamun farko. Damina ta zo ta cika shi da yashi garas-garas. A shekarar ne Kasiva ta kwanta. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya gajarce. A asibiti suka ba ta ƙwayoyi, shi kuma suka ja shi gefe suka yi masa magana a hankali.

Mulatya, shugaban gayya, wanda aka yi musu kaciya tare da Kithome suna yara, ya same shi a bakin rafi.

"Kai tsohon ƙadangare, simintin nan fa ba surukinka ba ne da zai zauna yana jiranka. Ya fara daskarewa a ɗakin ajiya."

"A ɗora shi kan katako, a rufe."

"An ɗora. Mutane kuma a kan me za a ɗora su? Yau suna da zuciyar ɗaukar dutse, gobe sai ka bi su gida-gida." Ya rage murya. "Ka dubi matarka, Kithome. Damina nawa kake so ta jira?"

Da zagi ne da Kithome ya rama, don bakinsa ba ya kwana da bashi. Wannan kuwa ba zagi ba ne. Ya dinga lallashin kansa: wataƙila rafin nan ba shi da laka sosai, wataƙila damina ɗaya mai ƙarfi ta cika shi, Kasiva ta ga ganyen miya kore a bayan ɗakinta. Da hannunsa ya kafa katakon zuba siminti, ya kai shi sama har ya wuce tsayinsa.

Ran da za a zuba, an kwaɓa, an jera bokitai, sai waƙar mata ta tsinke. Kasiva ce a kan jaki, surukarta, matar ɗansu Muindi, na riƙe da ita. Aka sauke ta a kan yashi. Ta daɗe tana mayar da numfashi, tana kallon katakon daga ƙasa har sama.

"Baban Muindi, wannan hasumiyar ta wace ce?"

"Taki ce."

"Tawa? Na aike ka?"

"Ki koma gida, rana za ta taɓa ki."

"Rana ta gama taɓa ni tun kana da haƙora." Ta damƙi yashi, ta bar shi yana zuba ta tsakanin yatsunta. "Ka yi wa baƙi aikin kirki, garinku kuma ka zo ka yi musu kwatami, a ce saboda Kasiva ne? In mutu, matan nan su ci gaba da zuwa kogi suna tsine mini a hanya? Sauke."

Mulatya ya matso. "Inna Kasiva, ai don ke…"

"Kai kuma rufe mini baki. Tun kuna yara duk ramin da ya faɗa kai ka nuna masa."

Wasu suka yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. Kithome ya tsaya da guduma a hannu, yana jin idon kowa a kansa. Ya san abin da yake cirewa in ya cire katakon nan: fatan Kasiva ta ga koren ganyen nan da idonta. Ya hau, ya fara zare ƙusoshi. Kamu ɗaya aka zuba ranar.

Ba ta kai damina ba. Ta rasu a tsakiyar rani, lokacin da akuya ke cin ɓawon itace. Gida ya cika da masu zaman makoki, ga masara da wake za a dafa, ba ruwa. Mata suka fara ɗaura wa jakuna jarkoki za su kogi. Kithome ya ɗauki shebur ya gangara rafi. Bai sa rai ba, don yashin bai yi zurfin kirki ba tukuna. Ya tona har gwiwar hannu, yashi ya yi duhu. Ya ƙara kaɗan, ruwa ya fara tsattsafowa, garau, ba laka. Bai isa ban-ruwan lambu ba, amma ya isa girki da wanka har aka watse.

Bayan an binne ta, Mulatya ya zo da buhun siminti a kafaɗa, ya dire a gabansa.

"Gayya ta ce a shafe mata kabari."

Kithome ya dubi buhun, ya dubi tudun jar ƙasar.

"Mayar da shi ɗakin ajiya," ya ce. "Na katanga ne. So kake ta taso mana?"