Alhaji yana so mu raba kuɗin mahaɗa

Ina dawowa daga masallaci na tarar da mai gyaran famfo tsugune a ƙofar gidana, yana auna bututun banɗakina. Maƙwabcina Alhaji Sani, da gidansa ke sama da nawa a kan tudu, yana tsaye ya toshe hanci.

Wai mahaɗa za a sa, a jona sabon banɗakin Alhaji da bututuna. Bututun da ni kaɗai na fasa dutsen Kazaure na binne, ko sannu Alhaji bai ce min ba.

Mai gyara ya ƙiyasta kuɗin mahaɗa, siminti, haƙa da na aikinsa. Alhaji ya gyara hula ya ce, "Malam Idi, tunda bututun zai zama namu, sai mu raba biyu."

Na ce, "Na yarda, Alhaji, in har rabin ƙazantata za ta hau tudu ta shigo gidanka."

Ya tafi yana cewa wai ban san haƙƙin maƙwabtaka ba.

Ku da kuka yi karatu, ku gaya min: a haƙƙin maƙwabtakar har da biya wa kashin maƙwabci kuɗin mota?