Gidan Zanzaro a Taraktar Kiyawa

A Kiyawa, idan ka tambayi gidan Malam Abdulrauf bakanike za a tsaya ana tunani, amma ka ce Baba Jamus, ko mai tallan ƙosai za ta nuna maka. Mutumin ko Legas bai taɓa takawa ba, balle Jamus. Wani littafi ne ya ja masa sunan.

Shekarar da aka ƙirƙiro Jigawa ya kama aiki a wani garejin gyaran motocin noma a Dutse, ƙarƙashin Oga Choji, mutumin Filato mai faɗa da kyauta. Da Oga Choji zai yi ritaya, sai ya bar masa littattafan gyara biyu da suka zo tare da taraktoci, ɗaya da Jamusanci, ɗaya da yaren Yugoslabiya. Babu mai iya karanta su, dama tokare ƙofa ake yi da su. Abdulrauf kuwa, da karatunsa bai wuce allo da firamare ba, ya ɗauke su da gaske. Sai ya dubi zane, ya je ya lalubo ƙarfen a jikin mota, ya ga aikinsa, sannan ya rubuta kalmar da ma'anarta da ajami a wani littafi mai baƙin bango. Dokarsa ɗaya ce: ba ya rubuta sunan abin da hannunsa bai taɓa ba.

Akwai kalmar da ta ba shi wuya har damina biyu, wai ita "rad". A littafin Jamus kullum tana gefen zanen ƙafar mota. A ɗayan kuma sai ya riƙa cin karo da ita inda babu ƙafa ko ɗaya, har dai ya gano cewa a can aiki take nufi. Ya ware wa kowace shafinta. In yana ba da labarin, yakan ce takwarori ne kawai, ba su haɗa kaka ba, kamar shi da Abdulrauf mai shayi.

Bana aka zo batun taraktar ƙungiyar manoma, ja, 'yar Yugoslabiya, wadda Baba Jamus ya shekara ashirin da bakwai yana lallaɓawa. Ta tsiri wani hali: ta tashi lafiya, ta yi minti goma, ta mutu. Shugaban ƙungiya, Alhaji Ɗayyabu, bai ko neme shi ba, ganin ido ya fara gaza tsohon. Ya ɗauko wasu masu gyara daga Kano da kwamfutarsu, suka zagaya motar sau uku ba su sami inda za su jona ta ba, suka ce inji ya gama yawo. Aka yanke a sayar wa 'yan gwangwan ranar Asabar, ga damina a bakin ƙofa, ga masu ƙananan gonaki da ba su da wata motar huɗa sai ita.

Abin ya yi wa Baba Jamus ciwo ƙwarai, kuma bai ɓoye ba. Ya je har zauren Alhaji ya roƙi a ba shi safiyar Asabar ɗin kawai.

"Baba, mutanen Kano fa sun duba," in ji Alhaji.

"Sun duba, Alhaji. Ba su taɓa ba."

Ran Asabar motar 'yan gwangwan ta riga shi isa rumfar da ake ajiye taraktar. Bai kula su ba. Ya shimfiɗa buhu, ya ɗora tabarau, ya buɗe baƙin littafin a babin hanyar mai, yana bin layi da yatsa, yana bin mota da ɗaya hannun. Ya taɓa bututu, ya taɓa matatar mai, ya taɓa famfo. Manoma suna ta duba rana, ɗan gwangwan ɗaya har ya fara wasa da guduma. A ƙasan shafin akwai wani layi da ya rubuta tun yana da baƙin gemu: hujin iska a murfin tanki. Ya kwance murfin, ya shafa da babban yatsa, ya ji tudu inda ya kamata a ji rami.

Zanzaro ne. Tsawon rani motar tana ajiye a rumfa, ya samu ɗan hujin ya yaɓe shi da laka. Iska ba ta shiga tanki, mai kuma ba ya sauka. Baba Jamus ya karɓi tsinken tsintsiya ya sokace hujin, ya busa, ya mayar da murfin.

Motar ta tashi. Aka yi minti goma, aka yi ashirin, aka yi rabin awa tana ruri. Alhaji Ɗayyabu ya cire hula ya share gumi, ya sallami 'yan gwangwan da haƙuri, sannan ya zo ya durƙusa gefen buhun ya nemi afuwa. Tsohon ya ce ba komai, amma fa bakinsa ya ƙi rufuwa.

Kafin ya tashi ya nemi aron biro. Ya murza busasshiyar lakar a tafin hannunsa, don cika doka, ya buɗe sabon shafi ya rubuta "zanzaro". Alhaji ya leƙo ya ga gurbin Jamusanci da na Yugoslabiya duk fayau, ya tambayi me za a sa a nan.

"Bar su haka," in ji Baba Jamus. "Shekara talatin ina koyo a wurinsu. Wannan kam in suna so, sai su zo Kiyawa."